Ƙarin Ɗaki a Gidan da Ake Ciki

Duk maginin da ya daɗe a sana'a ya san aikin gini iri biyu ne. Akwai wanda za a kai ka fili fetal, babu komai sai ƙaya da tumfafiya, a ce ga shi nan. Kai za ka ja igiya, kai za ka ce nan zaure, nan ɗaki, nan rijiya. Akwai kuma wanda za a kira ka gidan gado, inda aka binne cibiyar kakanni, a ce iyali sun yi yawa, a ƙara mana ɗaki. Wannan na biyun ya fi wuya, kuma a nan ake gane gwani. Ba ka isa ka sa diga ranar farko ba. Sai ka zaga, ka ƙwanƙwasa katanga ka ji inda take da ƙwari da inda gara ta ci, ka duba inda indararo ke zubar da ruwa, ka tambayi matan gida ta ina ruwa ke bi idan an yi mamako, domin sun fi mai gidan sani. Kuma duk aikin za ka yi shi ne mutane na ciki. Ana girki, ana shanya, yara na gilmawa ta ƙarƙashin tsaninka, da daddare kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa.

Koya wa babba lissafi aiki ne irin na biyu. Abin da ke damuna shi ne, a yawancin azuzuwan manya, ana yin sa kamar na farko.

Mu fara leƙa abin da ke cikin gidan. Ga mace mai sayar da gero, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Kwano naira 1,850, ka ce ta auna maka bakwai. Za ta ɗan ɗaga kai, leɓɓanta su motsa, ta ce maka dubu sha uku ba hamsin. Idan ka lallaɓa ta gaya maka yadda ta yi, za ka ji ta mayar da kwanon dubu biyu, bakwai ya zama dubu goma sha huɗu. Sai ta tuna ta yi wa kowane kwano ƙarin ɗari da hamsin: ɗari-ɗari sau bakwai ɗari bakwai, hamsin-hamsin sau bakwai ɗari uku da hamsin, ta haɗa ta cire. Ka miƙa mata dubu goma sha biyar, ba za ta yi ɗebewa ba, hawa za ta yi: ga hamsin, sha uku ke nan, ga dubu biyu, sha biyar. Abin da ta yi da kwano bakwai ɗin nan ƙa'ida ce da ɗan sakandare ke haddacewa da haruffa da baka-biyu, sau da yawa ba tare da ya san amfaninta ba. Ita kuwa da ita take ci da 'ya'yanta.

Tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, abin ya fi haka. A can da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Abin da aka rubuta wa 100 baki zai ce dala ashirin, abin da aka rubuta wa 500 a ce ɗari, takardar 1,000 kuma jika. Wato duk wanda ke hulɗa da rubutaccen farashi yana raba lamba gida biyar ko ya ninka ta sau biyar tun daga safe har dare.

Gidan kuma tsoho ne, harsashinsa ya yi nisa cikin ƙasa. Kakanninmu sun ƙirga wuri biyar-biyar har su cika keso, wuri dubu ashirin. Iyayenmu sun yi ciniki da kuɗin da kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam, ga sisi, ga taro, ga ahu a tsakani. Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta bar wannan ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga aji ba suka sauya tsarin ƙirgarsu gaba ɗaya, kasuwa kuma ba ta tashi ba. Wanda ya ce babba ba ya koyon sabon lissafi, sai ya fara yi mana bayanin wannan. Manomin da ke fitar da dami ɗaya cikin goma na noman damina, da ɗan kasuwar da ke fitar da ɗaya cikin arba'in, da matar da ta san rabonta sumuni ne idan mijinta ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, duk da gutsuren lamba suke aiki, abin da ke sa ɗan firamare kuka.

Ba mu kaɗai ba ne. A shekarun 1960, John Gay da Michael Cole sun zauna da manoman shinkafa na ƙabilar Kpelle a Laberiya, inda malamai ke kukan cewa yaran ba sa gane lissafin boko. Suka zuba shinkafa a mazubi, suka ce a kimanta gwangwani nawa ce. Manoman da ba su yi makaranta ba suka fi Amurkawa masu ilimi mai zurfi kusantar daidai. Sun buga abin da suka gano a 1967, kuma har yau bai shiga kunnen yawancin masu tsara karatun manya ba.

To, ga wannan gida a tsaye. Yaya ake shigar masa? Malami zai zo, galibi matashi ne mai kyakkyawar niyya, ya rubuta 1 zuwa 10 a allo, ya ce kowa ya maimaita. Dattijon da ya tsufa yana dillancin shanu a kasuwar Wudil ko Maigatari, wanda ke raba la'ada tsakanin mutum huɗu kafin mai saye ya gama gyara hula, zai buɗe baki ya ce ɗaya, biyu, uku. Mako na biyu a kai hamsin. Wata ya ƙare a kai ɗari. Daga nan a ɗauko littafin 'yan aji ɗaya, a ce lemo biyu a tara da lemo uku. Kafin a zo wurin da zai ƙaru da wani abu, ya daina zuwa, a rubuta a rajista cewa manya ba su da naci. Ni ban ga rashin naci a nan ba. Na ga mutumin da aka kira magini ya ƙara masa ɗaki, maginin ya shiga tsakar gida ya fara ja masa igiyar zaure kamar babu komai a wurin.

Waɗanda suka daure suka tsaya, wani abin kuma ke samunsu, wanda a ganina ya fi ɓaci. Ana gina musu ɗakin, ya tashi tsaf, har da fenti, amma a can gefe, ba shi da ƙofar da ta haɗa shi da gida. Sai mutum ya wayi gari da lissafi biyu da ba sa ga maciji: na kasuwa, wanda ya yarda da shi, da na aji, wanda yake yi don malam. Ba wa mai geron nan 1,850 sau 7 a takarda, yadda aka koya mata a jere. Za ta fara daga dama. Bakwai sau sifiri, ta rubuta sifiri. Bakwai sau biyar, ta manta da batun riƙe uku, ta rubuta 35. Bakwai sau takwas, 56. Bakwai sau ɗaya, 7. Ta miƙo maka 756350, gabanta bai faɗi ba. Matar da za ta yi salati ta tafa hannu da wani ya ce mata gero kwano bakwai ya haura dubu ɗari bakwai, ita ce ta rubuta haka da hannunta, domin a zuciyarta abin da ke kan takarda ba kuɗi ba ne, wani aiki ne na makaranta mai dokokinsa. An ga irin wannan a birnin Recife na Barazil, a binciken da Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann suka buga a 1985 kan yara masu talla. A bakin ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin. Da aka ba su lambobin nan dai tsirararsu a takarda, abin da suka ci bai kai kashi 40 ba. Ɗakin da ba shi da ƙofa, komai kyansa, ba mai kwana a ciki. Ƙarshensa a zuba masa harawa.

Saboda haka babban aikin malamin manya shi ne fasa ƙofar nan, kuma daga cikin tsohon gida ake fasa ta. Makon farko, kamata ya yi malam ya rage magana ya yawaita tambaya. Ya kawo cinikin da mutanen ajin ke yi da gaske, da farashin wannan mako, ya bari su ba da amsa da ka. Sannan ya ce, "Baba, ta ina kuka bi kuka samo wannan?" Dattijo zai ce, ai abin a fili yake, ɗana. A roƙe shi ya faɗa sannu a hankali, malam na rubutawa a allo, taki bayan taki, yadda ya faɗa ba yadda littafi ya ce ba: 14,000, sai 700, sai 350, sai 1,050, sai 12,950. Ranar da mutum ya ga tunaninsa na kansa a rubuce, har wani na iya bin sawunsa, ranar ce rubutun lamba ya daina zama kayan aro. Alamar tarawa da ta ɗebewa da ta sau, idan suka zo bayan wannan, ba sa ba kowa tsoro, domin gajerun sunaye ne na ayyukan da hannu ya riga ya saba.

Akwai wani saɓani da malamai da yawa ba su lura da shi ba. Lissafin ka daga manya yake farawa, takardar makaranta kuwa daga ƙanana. Ka ce wa ɗan kasuwa ya haɗa 2,750 da 1,680, zai ce dubu uku, ɗari bakwai da ɗari shida dubu da ɗari uku, dubu huɗu da ɗari uku ke nan, hamsin da tamanin ɗari da talatin, dubu huɗu da ɗari huɗu da talatin. Tun daga takin farko ya san wajen da amsar za ta faɗa, shi ya sa ba ya yin kuskuren da zai kai shi dubu ɗari bakwai. Hanyar jere, mai riƙe da aro, an ƙirƙiro ta ne don sauri a takarda, kuma tana da kyau, amma sai ka kai ƙarshe kafin ka san girman abin da ka samu. Ban ga dalilin da zai sa a hana babba rubuta lissafinsa daga hagu ba, layi-layi, ko da zai ci rabin shafi. Idan hannunsa ya faɗa, a nuna masa gajeriyar hanyar, ya gwada su biyun ya ga amsa ɗaya suke bayarwa. Wanda ya so ya ɗauka. Wanda ya tsaya a tasa, bai yi asarar komai ba.

Abin da yake sabo fil ga mai lissafin ka, wanda ya cancanci makonni, shi ne gurbin lamba da sifiri. Baki ba ya faɗin sifiri. Ba wanda ke cewa dubu biyu, babu ɗari, da hamsin. Shi ya sa idan ka ce wa sabon ɗalibi ya rubuta dubu biyu da hamsin, zai rubuta 2000 ya liƙa mata 50, ta zama 200050. Wannan ba wauta ba ce, abin da kunnensa ya ji ya rubuta, kuma malamin da ya sa masa jan biro ya wuce bai koyar da komai ba. A kawo kwanuka uku a jera, na hagu na 'yan dubu-dubu, na tsakiya na 'yan ɗari-ɗari, na dama na 'yan goma-goma, a yanka kwali a madadin kuɗi. A ce ya zuba dubu biyu da hamsin. Zai sa biyu a na hagu, biyar a na dama, na tsakiya ya zauna wayam. A tambaye shi, idan za ka aika wa ɗanka a Legas abin da ke cikin kwanukan nan da lamba kawai, yaya zai san na tsakiya babu komai? A nan sifiri ke samun aikin yi. Gurbin ɗai-ɗai kuwa, tunda naira ɗaya ta daɗe da barin hannun mutane, ya fi sauƙi a shigo da shi daga baya ta hanyar ƙirga buhuna ko awaki. Sai a yi ta juya 250 da 2,050 da 2,500 da 20,500 da 25,000, a karanta, a rubuta, a zuba a kwano, har ido ya riƙa bambanta su daga nesa. A koyar da waƙafin da ke raba dubbai tun daga farko, ba ado ba ne.

Wasu ƙananan abubuwa kuma sai wanda ya san gidan zai gan su. Mutumin da ya yi karatun allo ya saba da lambobin da ke shafukan Alƙur'ani bugun gabas, inda biyar take da siffar da'ira kamar sifirin boko, sifiri kuwa ɗigo ne kawai, shida kuma ta yi kama da bakwai ta boko. Idan malam bai san da wannan ba, zai yi ta mamakin me ya sa malamin tsangaya guda ke karanta 10 a matsayin goma sha biyar. Magana ce ta minti goma idan an jera lambobin biyu gefe da gefe. Haka a Nijar, wadda ta ce ɗari tana nufin dala ɗari, idan ta rubuta 100 a littafin bashinta, duk mai karatun da ya duba zai ga kashi ɗaya cikin biyar na abin da take bi. Dole ajin ya tsaya a kan wannan ya daidaita baki da takarda.

Ba na cikin masu cewa lissafin ka ya wadatar, a bar mutane da abinsu. Maginin kirki yana girmama tsohon gini, amma idan ya ga tsaga zai faɗa. Azara tana da iyakar faɗin da take iya ɗauka, idan ɗaki ya wuce nan sai an tayar da ginshiƙi ko an ɗaura baka, in ba haka ba rufi ya lotsa. Kai ma haka yake. Yana riƙe cinikin da ke gabansa daram, amma ba ya riƙe na wata guda. Mai ƙosai ta san abin da ta tashi da shi yau har naira goma. Tambaye ta ribarta, sai ta cire kuɗin wake da na mai, ta manta da niƙa, da itace, da leda, da wanda yara suka karya da shi, da bashin maƙwabta da ba ya dawowa duka. Tana iya shekara tana aiki jarinta na zagwanyewa, ta ɗora laifin a kan rashin albarka. Shafi ɗaya mai layi biyu, abin da ya shiga da abin da ya fita, na kwana talatin, zai nuna mata abin da kai ba zai taɓa nuna mata ba. Tela mai awon mutum talatin ana gobe jajibiri, da uwar adashi mai zubin mata ashirin, da manomin da ya karɓi taki bashi alhali littafin na hannun mai shago shi kaɗai, duk sun kai iyakar azararsu.

Wata tsagar ita ce kashi cikin ɗari. A ce wa mutum wannan rance kashi 5 ne a wata, wancan kashi 20 ne a shekara, kunne zai ce biyar ta fi sauƙi. Alhali a kan naira 100,000, na farkon dubu biyar ne duk wata, dubu sittin a shekara, ninki uku na wancan. Ko wanda ba ya kusantar bashin ruwa saboda addininsa yana bukatar ya iya gane shi idan an kawo masa shi da wani suna. Ƙofar shiga nan kuwa tana nan cikin gida: wanda ya san a kowace dubu arba'in zakka dubu ɗaya ce, a tambaye shi, to a dubu ɗari fa? Zai ce dubu biyu da rabi. Shi ke nan ya faɗi kashi biyu da rabi cikin ɗari da bakinsa, saura a nuna masa yadda ake rubuta 2.5 da alamarta. Wannan ɗigon kuma ba abin wasa ba ne. Tsakanin mililita 2.5 da 25 na maganin yaro akwai rai. Tsakanin awon maganin feshi da aka rubuta a jikin kwalba da wanda manomi ya kimanta da murfi akwai gonar da za ta ƙone, ko kuɗin da za su tafi a banza.

Sannan zamani ya ƙaro nasa. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, mutanen da ba su taɓa tunanin asusun banki ba sun tsinci kansu suna sayar da tumatir ana nuna musu fuskar waya, a ce ga shi na tura. Wanda ba ya bambanta 5,000 da 500 a rubuce, sai dai ya dogara ga amanar mai saye, ko ya kira yaro ya duba masa. Dattijon da zai tsaya gaban mai POS ya ba shi kati da lambar sirri saboda ba ya iya danna lambobi huɗu, ya san abin da yake so daga aji, kuma ba lemo biyu da lemo uku ba ne. A tambaye shi, zai faɗa.

Kada kuma a manta ana zaune a gidan. Yaro ba shi da aikin da ya fi makaranta, babba kuwa daga gona ya taso, ko daga murhu, kuma can zai koma. Shi ya sa gini da karatun manyan karkara suke da lokaci ɗaya, rani, bayan an kai amfani gida. Ajin da aka buɗe ana saura wata ɗaya shuka, an san ƙarshensa. Na matan aure kuwa, idan bai dace da tsakanin azahar da la'asar ba, ko wani lokacin da su da kansu suka zaɓa, zai watse ko da wa ke koyarwa. Idon wanda ya haura arba'in ba ya ganin ƙananan rubutu kusa, balle a hasken fitila bayan isha'i, kuma da wuya ya faɗa, sai dai ya ce kansa ne ba ya ɗauka. A yi rubutu manya-manya, a ba da takarda mai manyan gidaje. Hannun da ya saba da fartanya yakan danne fensir har ya karye, a bar shi ya fara da alli ko da yatsa a rairayi, ba raini ba ne idan an yi bayani.

Kunya ta fi duk waɗannan nauyi. Mai unguwa ba zai fito allo ya yi kuskure gaban wanda ya raɗa wa suna ba. Uwargida ba za ta so amarya ta riga ta ba da amsa kullum ba. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma mai gemu yana da mutuncin da ya shekara hamsin yana tarawa, ba zai zubar da shi saboda jadawalin sau ba. Malamin da ya gane haka ba ya kiran suna ya ce tashi. Yakan sa su biyu-biyu, ya zaga ya duba a hankali, ya ce "Hajiya, ku sake duba kwanon tsakiya," maimakon ya ce ba daidai ba. Kuma ba ya gaggawa. Maginin ƙasa ba ya ɗora sabon sahun tubali sai na ƙasa ya sha iska, ko da mai gida na tsaye a kansa. Manhajar da ta ce dole a gama rabawa a mako na goma ba ta san ko sifiri ya bushe ba.

Ba yau aka fara karatun manya a ƙasar nan ba. An yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Arewa a shekarun 1950, ana buga littattafansa a Zariya. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya kuma ta kafa ta ƙasa a 1990. An yi aiki, kuma akwai gidaje da yawa da wasiƙar farko da aka rubuta a cikinsu daga irin wannan aji ta fito. Sai dai a ganina lissafi ya daɗe yana zaman jela, ana tsakuro shi daga manhajar firamare a liƙa a bayan karatu da rubutu. Malaman kuma akasari horon koyar da yara suka samu, in ma sun samu, ga alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba. Ba adalci ba ne a ɗora musu laifin hanyar da ba a nuna musu wata ba. Horon kwana kaɗan kan yadda ake tono lissafin da ke kan ɗalibi, da yadda ake karanta kuskure a gane daga ina ya fito, zai canja aji fiye da sabon littafi.

Ginin ƙasa kuwa ba a gama shi. Duk shekara sai an yi yaɓe, an shafa makuba, in ba haka ba damina biyu ta isa ta mayar da katanga tudu. Abin da babba ya koya a wata shida, idan bai taɓa shi ba, zai zaizaye kafin rani ya zagayo. A Nijar an gwada wani abu a kan wannan. A 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, inda ake karatun manya da Hausa da Zabarmanci, an ƙara wa wasu azuzuwa koyon amfani da ƙaramar wayar hannu: danna lamba, karanta saƙo, rubuta saƙo. Jenny Aker da abokan aikinta suka bi sawun sakamakon, suka buga a 2012 cewa waɗannan azuzuwa sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da ta lissafi. Dalilin bai da wuyar ganewa. Waya tana aljihu, kullum akwai lambar da za a nema, akwai farashin da za a tambaya a wata kasuwa, akwai ragowar kuɗin kira da za a duba, yaɓen na yin kansa. Har kalkuletar da ke cikinta ban ga laifinta ba, muddin mai dannawa ya fara kimanta amsar da ka, yadda idan yatsa ya ƙara sifiri zai ce a'a, wannan ba zai yiwu ba. A wannan fage mai gero ta fi ɗan makaranta shiri.

Da ni ke tsara irin wannan shiri, ba zan auna nasararsa da jarrabawar ranar ƙarshe kaɗai ba, wadda ake yi abin na da ɗumi a kai. Kowane ɗalibi zai fita da littafi mai shafi arba'in da aka ja wa layi daidai da sana'arsa: na mai ƙosai shiga da fita, na uwar adashi sunaye da ranakun zubi da kwasa, na manomi taki da ƙwadago da buhunan da aka samu. Bayan damina malam ya zaga gida-gida ko shago-shago, ya zauna a duba littafin tare, a gyara inda 2,050 ta koma 250, a ga wace sabuwar bukata ta taso da ba a taɓo ta a aji ba. Wannan zagayen yana cin kuɗin mota da na wahalar malam, saboda haka sai an sa shi cikin kasafin shirin tun ranar da ake lissafin alli da tabarmi.